Neman shawara: tiyatar hawan jinin ido ga yarinyar da aka haifa ba zoben ido

Mai tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 13 an haife ta ba tare da zoben nan mai launi da ke kewaye da ƙwayar ido ba, lalurar da likitoci ke kira aniridiya. Yanzu hawan jinin ido ya shigo. Tana ɗiga magani kala uku, amma awon matsin idon dama ya ƙi sauka daga 30. Likita ya ce a sanya mata ɗan bututu a idon da zai riƙa fitar da ruwan ido don rage matsin, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ko za a iya jinkirtawa?

Ma'aikaciyar jinyar ido: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba ta lafiya. Awon lafiyayyen ido yana tsakanin 10 zuwa 21 ne, kuma duk abin da matsin ya cinye na jijiyar gani ba ya dawowa, saboda haka jinkiri ba alheri ba ne. A irin idonta akwai ɗan guntun zoben da ya rage a gefe, wanda a hankali yake lanƙwasowa ya toshe magudanar ruwan ido, shi ya sa maganin ɗigawa yakan gaza. Aikin da ake buɗe wa ruwan ƙofa a farin ido yakan toshe da wuri ga yara, domin jikinsu na saurin yin tabo, ko da an sa maganin mitomaisin mai rage tabo. Bututu irin wanda ake kira Ahmed ko Baerveldt ya fi daɗewa yana aiki. Ƙona sashen da ke samar da ruwan da leza kuwa, galibi sai sauran hanyoyin sun gaza.

Wani uba: Hajiya, ɗana an yi masa, kuma har yau yana ɗiga magani ɗaya, kada ki zaci aikin zai ƙara mata gani, tsare wanda ya rage yake yi.

Ma'aikaciyar jinyar ido: Gaskiya ne. Abin da na fi so ki tambayi likita shi ne yadda zai kare gilashin gaban idon, domin a masu wannan lalura yana da rauni, kuma yawan tiyata na iya dusashe shi. Ki nemi magungunan ɗigawa marasa sinadarin adanawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan kai masa waɗannan tambayoyi kafin a tsayar da rana, in sha Allah.