Neman kalma: zoning na gine-gine, kafin ƙarfe huɗu

Mai Rediyo: Assalamu alaikum jama'a. Ina da rahoto kan tsadar gidaje a Silicon Valley, yankin kamfanonin fasaha na jihar Kalifoniya a Amurka, ƙarfe huɗu zan karanta, amma zoning ta tsaya min a wuya. Doka ce da hukumar gari ke cewa nan gidajen zama kaɗai, can ofisoshi, bene kuma kada ya wuce kaza. Garin Palo Alto tun shekarun 1970 ya sa wa tsayin gini iyakar ƙafa 50. Google a Mountain View, Apple a Cupertino, sai ɗibar ma'aikata suke, amma shekara da shekaru, a yawancin filayen zama gida ɗaya na iyali ɗaya tal aka yarda a gina. Haya ta yi tashin gwauron zabo, malamin makaranta ma sai ya kwana can nesa, ya yi sammako.

Bakano: Karɓa-karɓa mana.

Mai Rediyo: Haba Yaya, wannan ta 'yan siyasa ce, mulki Kudu ko Arewa.

Bazazzagi: Shiyyantarwa. Daga shiyya, kamar zamani da zamanantarwa. Na jima ina koya wa ɗalibaina ita.

'Yar Damagaram: Malam, in tsohuwata ta ji shiyyantarwa a rediyo, cewa za ta yi wata sabuwar cuta ce ta ɓulla. Dokar kason filaye fa?

Bazazzagi: Kaso ai sai a zaci rabon gado. Kuma ina tsayin bene a ciki?

Bakano: A ce zonin kawai a huta. Ai tebur da mota ba kakanninmu suka ƙago su ba.

Bazazzagi: Wannan lalacin ne ya sa Hausar Kano ta koma rabi Turanci.

Bakano: Allah ya ba ka haƙuri, Malam, amma wannan Hausar ake bugawa a littafin da kake koyarwa da shi.

Mai Rediyo: Don Allah, uku da kwata! Akwai kuma dokar da Gwamna Newsom na Kalifoniya ya sa wa hannu a 2021, wadda ta ba da damar raba fili biyu a gina har gida huɗu. Na ce an sassauta me?

'Yar Damagaram: An sassauta dokar ƙayyade gine-gine. Ta ɗauki tsayi, ta ɗauki yawa.

Bazazzagi: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Yi da ita yau, tunda lokaci ya ƙure. Amma ki saka shiyyantarwa ko sau ɗaya ne, kunne ya fara sabawa.

Mai Rediyo: Sai na ga fuskar edita tukuna, Malam.