Abin da aka tattauna kan ciyar da kajin da ba su fara ƙwai ba

A zaman da masu kiwon kaji a gida suka yi a Tudun Wada, an fi daɗewa kan abu guda: gaggawar ba sagara abincin masu ƙwai. Wata hajiya ta ce tun kajinta na wata uku ta fara ba su leya, wato abincin masu ƙwan, wai don su yi saurin saka ƙwai. Nan fa aka yi mata ca. Sinadarin kalsiyam ya yi yawa a cikinsa, kuma yana wahalar da ƙodar kazar da ba ta kai ba. A bar su kan girowa, wato abincin kaji masu tasowa, har wajen mako 18, ko sai ƙwan farko ya faɗo, sannan a sauya a hankali, ana gauraya biyun na kamar mako guda.

Masu dusa zalla ma ba su tsira ba. Dusa cika ciki ce kawai. A haɗa da dakakkiyar masara, garin ƙuliƙuli ko gasasshen waken suya, ɗanye kam a'a. Ganyen zogale da gara idan an samu. Tuwon da ya yi fumfuna a zubar.

Ruwa kuwa, a zafin Maris da Afrilu na Kaduna a riƙa sauyawa safe da rana.

Wani dattijo ya nuna yadda ake gane sagara ta kusa fara ƙwai: zankonta ya yi ja, in ka kai hannu ta tsugunna. Ni dai shawararsa ta fi kwanta mini, cewa kajin gida sukan kai wata shida ko bakwai, ba kamar na gidan gona ba da ke farawa wajen wata biyar.