Littafin waƙa ɗaya duk wata: me ya sa ake tsayawa a rabi?

Mai gudanarwa, Agege:
Assalamu alaikum. A ƙungiyarmu ta karatu, da muke kan littattafan labari kusan kowa na kammalawa, amma tun da muka koma waƙa sai ga mutane suna tsayawa a rabi. Don Allah kowa ya kawo abin da ya ga yana aiki.

Malamin Hausa, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam, ma'aunin ne ba daidai ba. Ba a raba wa waƙa shafuka, baitoci ake raba mata. In ƙwar biyu ce, wato mai layi biyu a kowane baiti, baiti ashirin ya isa zama ɗaya. In ƙwar biyar ce, takwas ma sun yi. Kuma sau uku ake bi: na farko a rera da murya, na biyu a tsaya kan kalmomi masu wuya, na uku a nemi jigo.

Rerawar nan ba ado ba ce. Karin rubutacciyar waƙarmu yana kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, rubutun boko kuwa ba ya nuna dogon wasali. Mai bi da ido kawai ba zai ji karin ba, sai ya ga kamar an yanka zance gunduwa-gunduwa, ya gaji ya ajiye. Wanda bai san muryar waƙa ba ya maimaita baitin farko har sai ya zauna masa a baki, sauran za su biyo.

Malama, Obalende:
Gaskiya ne, Malam. Sai kuma jerin da ake bi. A fara da Mu'azu Haɗeja: Hausarsa a buɗe take, kuma waƙoƙinsa na giya da ilimin zamani suna tayar da hira ba tare da an sha wahala ba. Sa'adu Zungur ya biyo, amma kada a shiga "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" sai an ba mutum ɗaya minti goma ya bayyana siyasar Arewa kafin samun 'yanci, in ba haka ba rabin baitocin za su wuce ba a san da wa ake ba. Su biyun zamaninsu ɗaya, ga daɗin kwatantawa. *Fasaha Aƙiliya* ta Aƙilu Aliyu a bar ta sai an goge, kuma da ƙamus a gefe. Na Bargery na 1934 yana intanet, yana fitar da tsofaffin kalmomi da yawa. Imfiraji ta Aliyu Namangi kuwa ba ta wata ɗaya ba ce, a ɗauki kashi ɗaya kawai.

Alaramma, Mile 12:
Hajiya ta yi daidai. Abin da zan ƙara, kada a tsallake baitocin ƙarshe don an ga addu'a ce. A tsofaffin waƙoƙi nan ne ake samun sunan mai waƙa, adadin baitoci, da ramzi, wato shekarar Hijira da aka ɓoye cikin haruffa. Inda ake tuntuɓe shi ne lissafin. Malamanmu lissafin haruffan Larabci na Magariba suke bi, inda shin take 1000, sin take 300, ra take 200. Teburin da aka fi samu a waya na Gabas ne, can shin 300 ce, sai shekarar ta fito ba kai ba gindi. Ramzin da ke ɗauke da shin da ra, na shekarun 1200 na Hijira ne, zamanin su Nana Asma'u ke nan.

Ɗan kasuwa, Alaba Rago:
Samun littafin ma aiki ne. A Legas da wuya ka shiga kantin littattafai ka ga na waƙar Hausa. A haɗa kuɗi a sa a saya a Kano ko Zariya, a ba direba ya taho da su, kuma a yi oda wata guda kafin lokaci. A tabbatar bugu ɗaya ne duka, don shafuka kan sha bamban. Fotokwafi a duba gindin shafi, injin yakan cinye ɗangon ƙarshe, wato layin ƙarshe na baiti, a ƙwar biyar kuwa shi ke ɗauke da babban amsa-amo. Waɗanda aka sake bugawa a kwamfuta sukan zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ma'ana ta juye. Da damina kada a jingina littafi da bango, danshin garin nan fumfuna yake sa wa takarda.

Malama, Obalende:
Game da haɗuwa, daga Agege zuwa Obalende ranar aiki cunkoso zai cinye lokacin. Duk mako mutum ɗaya ya rera baitocin ya turo muryarsa a WhatsApp, kada ta wuce minti uku, mu haɗu ido da ido Lahadin ƙarshen wata.

Mai gudanarwa, Agege:
Allah Ya saka da alheri. Wata mai kamawa Mu'azu Haɗeja ke nan. Alhaji, a fara karɓar kuɗin oda daga gobe. Malam, muryar makon farko taka ce.