Jiyoloji ko kwas ɗin manhajar lissafin gini, wanne zan ɗauka?

Auwal_sibil: Assalamu alaikum manyanmu, dan Allah shawara nake nema kafin a rufe rijista. Ina aji uku a sibil, wato injiniyancin gine-gine, a jami'a, wannan zangon an ba mu zaɓi tsakanin kwas biyu, ɗaya jiyoloji na injiniyoyi mai haɗe da fita daji, ɗayan kuma na manhajar lissafin bim da fila, wato ginshiƙai na kwance da na tsaye. Lokacinsu ɗaya a jadawali, ba damar haɗawa. Ni dai burina zanen benaye ne, ba dam ba. Ɗan jiyolojin da muka taɓa a aji biyu hadda ce zalla, dutsen da ya daskare daga narkakken dutse, wanda ya taru daga yashi da laka, da wanda zafi da matsi suka rikiɗa, sai ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10. Wanda ya fita sait, wato wurin aikin gini, ya ga amfanin jiyoloji ya faɗa min gaskiya.

Sadiya_M: Wa alaikumus salam. Ka ɗauki duka biyun mana ƙanena, ai ilimi ba ya yawa.

Auwal_sibil: Yaya ai na ce lokacinsu ɗaya ne.

Kabiru_bim: Manhaja kawai. Duk inda na je neman aiki tambayar farko ita ce wace manhaja ka iya, ba wanda ya taɓa miƙo min dutse ya ce faɗi sunansa. Ƙasa akwai masu gwada ta, za su kawo maka rahoto da lambar nauyin da take ɗauka, ka saka a kwamfuta shikenan.

Injiniya_Bala: Kabiru wannan lambar da ka ce za a kawo maka ita ta ci min aiki, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ina sabon fitowa wani ɗan kwangila ya ɗauke ni in kula masa da ginin azuzuwa marasa bene. Muka je da rani, ƙasar baƙa ce wuluk, ta dare ko'ina har tafin hannuna yana shigewa cikin tsagar. Na ɗebi kaɗan na jiƙa da ruwan gorata na murza a tafi, sai ga ta tana miƙewa siririya ba ta karye ba, tana manne wa yatsa. Nan take na gane, domin malamin jiyoloji ya taɓa nuna mana irinta, yumɓu ne mai ma'adinin montmorilonit, yana shan ruwa ya kumbura in ya bushe ya tsuke, kuma sau da yawa daga ruɓewar dutsen basalt yake samuwa. Na ce wa oga a yi gwaji, ya ce akwai rahoto. Da na karɓa na karanta sai na ga an rubuta jar ƙasa mai tsakuwa, wlh ko kusa ba ƙasar da nake tsaye a kai ba ce, rahoton wani fili ne aka sauya masa shafin farko. Na yi magana aka ce yaro ne ni, littafi ke damuna. Aka zuba fandisho da rani, damina ta zo ta wuce, ƙofofi suka daina rufuwa, daɓe ya tasa, bango ya dare a karkace daga kusurwar kowace taga. Kuma abin da mutane ba su sani ba ƙaramin gini ya fi shan wahala a irin wannan ƙasa, don ba shi da nauyin da zai danne ta. Da mai aikin ya zo da faɗa, wa aka nuna? Ni. Wai ban kula da kwaɓin kankare ba. Aka sallame ni, shi ko oga ya ci gaba da karɓar kwangilarsa.

Sadiya_M: Subhanallah. Allah ya saka maka Injiniya.

Kabiru_bim: Allah ya kyauta yallaɓai, amma fa wannan ilimin ƙarfin ƙasa ne ba jiyoloji ba, shi kuma dole ne kowa zai yi shi. Murza ƙasar nan ai gwajin Atterberg ne, a lab muka yi, har sai zaren ya kai kaurin milimita 3.

Malama_Hauwa: Kabiru lab yana faɗa maka halin ɗan abin da aka kawo masa a leda ne kawai. Wa zai ce a haƙa nan kar a haƙa can, wa zai ce ledar nan ta wakilci filin? Ni jiyoloji na karanta kuma da injiniyoyi nake aiki. Shi kansa Terzaghi da ake kira uban ilimin ƙarfin ƙasa, wanda littafinsa ya fito a 1925, jiyoloji na injiniyoyi ya koyar a Harvard. Ka duba dam ɗin Malpasset a Faransa, ya fashe a Disambar 1959 mutum sama da 400 suka mutu, kankaren lafiyarsa ƙalau, dutsen da ke ƙarƙashinsa ne yake da tsaga ruwa ya shiga ya tura shi. Na Vajont a Italiya a 1963 ma ya fi ban tsoro, gefen tsauni guda ya zame cikin tafkin a kan siraran shimfiɗun yumɓu da ke tsakanin dutsen farar ƙasa, ruwa ya tsallake ta saman dam ɗin ya kashe kusan mutum 2,000, dam ɗin kuma yana nan tsaye har yau. Abu uku nake so ɗalibi ya fita da su, ina ruwa yake, ina yumɓu yake, kuma tsagar dutse ina ta karkata. Ka jera littattafai ka ɗaga gefe ɗaya, in ka yanke ta ɓangaren da suka gangara zamewa za su yi, in ta ɗaya ɓangaren ne suna nan daram. Haka dutse mai shimfiɗa yake in za a yanka hanya ko a haƙa rami mai zurfi.

Auwal_sibil: Na gode Malama, amma duk dam kika kawo, ni bene nake son zanawa.

Malama_Hauwa: Benen a sama zai tsaya? Dutsen farar ƙasa ruwa yana narkar da shi a hankali ya bar kogo a ciki, ka kafa fila a kai ba ka sani ba. Giranit kuma in ya ruɓe yakan bar manyan duwatsu a tsakiyar ƙasa mai laushi, mai haƙa ya ci karo da ɗaya ya rubuta cewa ya iso dutse, alhali ƙarƙashinsa taushi ne. Shi ya sa muke cewa a ci gaba da huda dutsen aƙalla mita 3.

Sani_sait: Mita 3 cikin dutse? Mu ramin gwaji muke haƙawa mita biyu da diga da shebur, in marmara ta fito an gama, kuma ban taɓa ganin ya ba da matsala ba.

Kabiru_bim: A'a ƙa'idar da aka koya mana zurfin ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin fandisho.

Injiniya_Bala: Ninki biyun wane fandisho? In falle ɗaya ne na kankare a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya faɗin ginin za ka ninka, ba na fila guda ba. Akwai aikin da muka kai mita 30 muna buga SPT, wato gwajin ƙarfin ƙasa a cikin rami, guduma mai kilo 63.5 ana sakinta daga santimita 76 ana ƙirga bugu nawa zai shigar da bututun santimita 30, kuma sai can ƙasa muka tarar da laka.

Sani_sait: To wane mai ƙaramin gida ne zai biya kuɗin mita 30 yallaɓai? Kuna magana ne kamar kowa gwamnati yake wa aiki.

Ɗan_Lami: Auwal ka ɗauki manhaja, in benen ya karkata ka sa gate ka riƙa karɓar kuɗin kallo kamar hasumiyar Pisa ta Italiya 😂

Malama_Hauwa: Ɗan Lami ana maganar rayuka. Ita Pisan ma tun ana cikin ginin ta, wanda aka fara a 1173, ta soma karkata saboda laushin ƙasa, sai da aka rufe ta daga 1990 zuwa 2001 ana zaƙulo ƙasa kaɗan-kaɗan daga ɓangaren da ya ɗaga kafin aka ɗan miƙar da ita.

Kabiru_bim: Malama da girmamawa, ke ba ke kike sa hannu a zane ba, in gini ya faɗi injiniya ake kamawa. Shawarar injiniya ya kamata yaron nan ya bi.

Injiniya_Bala: To ni injiniya ne kuma na ce ya ɗauki jiyoloji. Manhaja za ka koya a YouTube lokacin hutu, amma ba mai koya maka riƙe kamfas a jikin dutse in ba a daji ba.

Zainab_aji4: In har za a fita dajin kenan. Mu ma an rubuta mana fita daji, zango ya ƙare ba mu taka ko'ina ba, wai ba mota. Duwatsun lab a kulle suke cikin kabad, an goge sunayen wasu, malamin yana karanto mana launin ma'adinin kwaz daga handawut ba mu taɓa riƙe shi ba balle mu ga yana karce gilashi. Ko ɗigon asid ɗin da ake sa wa dutsen farar ƙasa ya yi kumfa a allo aka zana mana.

Sani_sait: Mu taswirar jiyoloji ɗaya aka yi wa hoto baƙi da fari aka raba wa aji guda, alhali launukan ne ke nuna irin dutsen.

Sadiya_M: Kuma a jarabawa a ce ka zana yankan ƙasa, wato yadda duwatsu suka jeru a ƙarƙashi, daga wannan taswirar. Wlh zalunci ne.

Auwal_sibil: Jama'a jibi ake rufe rijista fa.

Zainab_aji4: Ka fara tambayar 'yan aji huɗu na makarantarku ko bara an fita da su. Sani, ku an mayar muku da kuɗin fita dajin da aka karɓa? Mu har yanzu shiru.