Neman kalma kafin Litinin: matiriyalizim da waƙoƙin metafizika

Malamar Adabi: Assalamu alaikum, malamai. Litinin da ƙarfe takwas zan shiga aji, na kuma yi wa ɗalibaina alkawarin takardar bayani da Hausa a kan mawaƙan Ingila na ƙarni na 17, su John Donne da George Herbert da Andrew Marvell. Kalmomi biyu sun hana ni barci: matiriyalizim na masu falsafa, da "metafizikal" da ake kiran waɗannan waƙoƙi. Ku taimaka.

Mai Fassara: Wa'alaikumus salam. Ta farko ai "son abin duniya" ce.

Malamar Adabi: Wannan ma'anar kan titi ce, Malam. Ni aƙidar nake nufi, wadda ta ce babu abin da ke akwai sai jiki, har tunani da rai motsin jiki ne. Ita ce ta Dimokuritus, masanin falsafar tsohuwar Girka, da ya ce komai ƙwayoyin zarra ne da sarari, ita ce kuma ta Thomas Hobbes, mai littafin Leviathan na 1651. Mutum yana iya riƙe ta alhali riga ɗaya gare shi.

Ɗan Zaure: To ai muna da ita tun tuni: dahriyanci. Imam Gazali ya kasa masu falsafa gida uku a littafinsa Munƙizu, Dahriyya ne na farko.

Mai Fassara: Dahriyya hukunci ne a kan masu musun Mahalicci. Hobbes kuwa bai ce babu Allah ba, cewa ya yi duk abin da ke akwai jiki ne. Larabawan yau "maddiyya" suke cewa, mu ara mu huta.

Baba Mai Ƙamus: Kullum aro, kullum aro! Yaro na jin "maddiyya" madda ta karatun Alƙur'ani za ta faɗo masa a rai. Shekaru ina cewa "zahiranci". Ga ta nan, tana da daɗin faɗa, tana bin tsarin gurguzanci da 'yan'uwanta.

Ɗan Zaure: Allah Ya ƙara girma, Baba, amma zahiri ma Larabci ne. Sannan Zahiriyya mazhaba ce, ta Dawud da Ibn Hazm. Zarra kuma ba a ganinta da ido, ta yaya za ta zama zahiri?

Baba Mai Ƙamus: Zahiri ta kwana ta tashi a bakin Bahaushe, tsohuwa a ƙauye ta san ta. Maddiyya baƙuwa ce. Abin da ke ci mini rai shi ne ku yaran yanzu kuna ganin Hausa ba ta isa ta ɗauki falsafa ba, sai an jingina ta da wani harshe.

Mai Fassara: Ba wanda ya raina Hausa, Baba. Harshen da ya haɗiye "siyasa" da "hankali" da ita kanta "falsafa" bai ragu da komai ba.

Malamar Adabi: Don Allah a dawo kan waƙoƙin, dare na yi.

Ɗan Zaure: Waƙoƙin gaibu.

Malamar Adabi: Na gwada ta bara, ɗalibai suka zaci waƙoƙin aljanu ne ko na lahira. Alhali dubi abin da Donne ya yi da zai yi tafiya yana lallashin masoyiyarsa: ya kwatanta rayukansu da ƙafafun kamfas ɗin zana da'ira. Ɗaya tana kafe a tsakiya, ɗaya tana yawo, ta tsakiyar tana karkata tana bin ta, ta kuma miƙe idan 'yar'uwarta ta dawo. Na ɗauki kamfas daga akwatin lissafin wata ɗaliba na buɗe shi a kan tebur, ajin ya yi tsit. A wata waƙar ma da ƙuma ya kafa hujjar soyayya. Gardama ce ake yi da waƙa, ana ɗaure abubuwan da ba su da dangi. Mawaƙan ba su kira kansu da wannan suna ba. Mawaƙi John Dryden ne a 1693 ya zargi Donne da cusa metafizika, wato falsafar asalin samuwa, a cikin waƙa, Samuel Johnson ya liƙa musu sunan a 1779 cikin tarihin mawaƙi Abraham Cowley, yana sukar salonsu, sai a 1921 T. S. Eliot ya ɗaga darajarsu.

Mai Fassara: Ashe sunan ma gori ne. To "waƙoƙin falsafa" fa?

Malamar Adabi: Ta yi faɗi, za ta haɗa da mawaƙan da ba su cikin wannan ayari.

Baba Mai Ƙamus: "Waƙoƙin ƙullin hikima". Ƙulli suke yi, mai karatu ya kwance.

Malamar Adabi: Wannan ta zauna mini, Baba, na gode. Zan sa ta, in bi ta da "metafizika" sau ɗaya saboda jarrabawa. Ta farkon kuwa zan rubuta "maddiyya, wato aƙidar babu komai sai jiki".

Baba Mai Ƙamus: Ajinki ne, 'yata. Amma ni a nawa rubutun zahiranci zan ci gaba da sawa. Ki faɗa mana yadda yaran suka karɓe ta.