Wa Ya Ba Ku Mukullin Punk?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum. Yau sai na amayar da abin da ke cikina ko da za a cire ni daga zauren nan. Shekaranjiya na saka waƙar Green Day, wata ƙungiyar mawaƙan Amurka, na ce su suka fara jawo ni cikin punk, kiɗan jita mai zafi na 'yan bore. Sai wani babba ya bi ni ta bayan fage, wai in lissafa masa faifai uku da suka fito kafin 1980 in har ni mai sauraro ne na gaske. Da na yi shiru ya kira ni ɗan bi-yarima-a-sha-kiɗa. Haba jama'a! Mu nawa ne gaba ɗaya masu jin wannan kiɗa a cikin Hausawa da har za a kafa mana shinge? Punk kiɗan talakawa ne, an yi shi ne don marar gata ya ɗauki jita ya faɗi damuwarsa, ku kuma kun mayar da shi jarrabawa. Wannan girman kai ne tsagwaronsa.

Mai Faifai: Wa alaikumus salam. Ni ne na tambaye ka, ba sai ka sakaya ba. Amma tsaya tukuna ƙanena, wa ya gaya maka kiɗan talakawa ne? Joe Strummer na ƙungiyar Clash a Ankara aka haife shi a 1952, saboda mahaifinsa ma'aikacin diflomasiyyar Birtaniya ne. Makarantar kwana ta kuɗi ya yi. Talaka ke nan?

'Yar Sabon Gari: Yaya Mai Faifai, mutum ɗaya ka tsinto ka ɗora wa kowa. John Lydon, mawaƙin ƙungiyar Sex Pistols, fa? Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Ayalan, a unguwar marasa ƙarfi a arewacin Landan ya tashi. Steve Jones da Paul Cook na ƙungiyar tasu ma 'ya'yan masu neman na yau ne. A 1976 sai da Birtaniya ta je roƙon bashi wajen IMF, marasa aiki sun haura miliyan. Samarin da suka gama makaranta ba abin yi su ne suka cika wuraren wasan.

Mai Faifai: Kin manta inda aka haɗa Sex Pistols ɗin. A kantin tufafin Malcolm McLaren da Vivienne Westwood ne, kan titin King's Road a Chelsea, inda ɗan talaka sai dai ya leƙa. A Oktoban 1976 kamfanin faifai na EMI ya ba su kwantiragin fam 40,000. Ina talauci a nan?

Bakano: Ku duka ba ku gane kalmar ba. Talaka ba wai marar kuɗi kaɗai ba ne, wanda ba ya cikin masu mulki ne, ko wanda ya zaɓi tsayawa tare da su. Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, har Landan ya je karatu, amma wa zai ce ba jagoran talakawa ba ne?

Malamin Firamare: A'a, a nan kam ka wuce gona da iri. Kada ka sake haɗa Malam da masu soka fil a kumatu. Ka janye.

Bakano: Ban haɗa su ba Malam, ma'anar kalma nake fassarawa.

Malamin Firamare: Ka kawo sunansa cikin zancen 'yan kiɗa, haɗawa ke nan. Ka janye kawai.

Ɗan Auta: Jama'a ni fa ba ma'anar talaka na tambaya ba. Tambayata: me ya sa za a yi mini jarrabawa kafin a yarda ina son abin da nake so?

Mai Faifai: Saboda kai ka kawo kalmar, kuma a kanta ka gina ƙorafinka. In da talakawa ka damu, ga waɗanda suka cancanci sunan. Buzzcocks na Manchester sun ranto kusan fam 500 wajen dangi da abokai, suka buga faifai 1,000 da kansu a Janairun 1977, ba kamfani ba ubangida. A watan nan ne kuma Clash suka sa hannu da babban kamfanin faifai na CBS kan fam 100,000, har Mark Perry mai ƙaramar mujallar Sniffin' Glue ya ce ranar punk ya mutu. Crass kan bangon faifansu suke buga farashi don kada ɗan kasuwa ya ƙara ko kwabo. Fugazi a Washinton suka riƙe kuɗin shiga wasansu a kusan dala 5 shekara da shekaru, ko riga ba su sayarwa. Wannan ba girman kai ba ne, magana ce ta aljihun wa kuɗin ke shiga. Green Day ɗinka sun tashi a ɗakin wasa na 924 Gilman a Berkeley, wurin da 'yan sa-kai ke gudanarwa, ba giya, yara ma suna shiga. Dokar gidan ita ce ba a karɓar ƙungiyar da ke ƙarƙashin babban kamfani. Sun sani sarai, suka sa hannu da babban kamfanin Reprise a 1993, aka rufe musu ƙofa. Laifin wa?

'Yar Sabon Gari: To ƙarasa labarin mana Yaya. A wannan Gilman ɗin dai, a 1994, wasu suka rufe Jello Biafra, tsohon mawaƙin ƙungiyar Dead Kennedys, da duka suna kiransa wanda ya sayar da kai, har suka ji masa mummunan rauni a ƙafa. Mutumin da tun 1979 yake da ɗan kamfaninsa na Alternative Tentacles, bai taɓa kai ƙungiyarsa ga manyan kamfanoni ba. In shi bai tsira daga masu awon asali ba, wa zai tsira? Wannan awon ba ya da ƙarshe, kullum akwai wanda zai ce ya fi ka tsarki. Kuma Billie Joe Armstrong, mawaƙin Green Day, yana ɗan shekara 10 mahaifinsa direban babbar mota ya rasu, mahaifiyarsa a gidan abinci take aiki. Da ma'aunin talaucin da kake riƙe da shi, ya fi Strummer cancanta. A 2015 kuma Gilman ɗin da kansu suka bar Green Day suka dawo suka yi wasan tara wa mabukata kuɗi.

Malamin Firamare: Dakata. Biafra kika ce? Sunansa ke nan?

'Yar Sabon Gari: Sunan fage ne, Eric Boucher ne sunansa na yanka. Ya haɗa sunan wani kayan zaƙi na Amurka da Biyafara.

Malamin Firamare: Yaƙin da aka yi daga 1967 zuwa 1970, yara suka mutu da yunwa, iyayenmu suka rasa 'yan'uwa ta kowane ɓangare, shi ne Bature zai ɗauka ya yi ado da shi? Wannan ne gwaninku na talakawa?

Bakano: Nufinsa ya nuna bambancin ƙoshin Amurka da yunwar wasu ne.

Malamin Firamare: Kai ba na magana da kai sai ka janye waccan.

'Yar Sabon Gari: Kuma bari in faɗi wadda kowa ke tsallakewa. Tambayar nan ta lissafo uku, mu mata aka fi yi wa. Na taɓa sa rigar ƙungiyar Ramones, wani ya tare ni sai na faɗi sunan mai ganga. Na faɗa, ya ce haddacewa na yi. Mawaƙiya Poly Styrene, wadda mahaifinta ɗan Somaliya ne, ta hau fage a Landan tun a 1977, amma har yau mace sai ta nuna takarda.

Mai Faifai: Yarinya, rigar Ramones ai a kantunan gayu ake sayar da ita, shi ya sa ake tambaya.

'Yar Sabon Gari: Ni ba yarinyarka ba ce. Na kira ka Yaya don girmamawa, ka riƙe girmanka.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka cimma. Na ɗaya, an tabbatar da hujjoji cewa kiran punk kiɗan talakawa kuskure ne, kuma Mai Faifai ya yi bayani mai gamsarwa kan Buzzcocks da Crass da Fugazi, Allah ya ƙara sani. Na biyu, Green Day su suka karya dokar Gilman da saninsu, don haka ba a zalunce su ba. Tambayar sabon shiga kuwa hanyar koyarwa ce, mu ma haka aka yi mana, Ɗan Auta ya yi haƙuri ya koma ya saurari na farko. Sauran maganganun sun fita daga batu.

'Yar Sabon Gari: Shugaba, ina maganar dukan da aka yi a Gilman? Ina ta 2015? Ina ta mata? Abokinka kawai ka taƙaita.

Ɗan Auta: Kuma kalmar bi-yarima da aka kira ni da ita ko ambatonta ba a yi ba.

Malamin Firamare: Ni dai har yanzu Bakano bai janye ba.