Resilience: juriya ce ko wani abu dabam?

1/ Jama'a, ina neman shawararku kan kalma ɗaya ta Turanci, resilience. Yawancin masu fassara "juriya" suke sa mata su wuce. Ni dai ban gamsu ba, kuma maganganun wani ɗan siyasar Amurka, Dan Crenshaw, su suka ƙara nuna mini inda kalmar ke yoyo.

2/ Ga wanda bai san shi ba: tsohon soja ne cikin zaratan sojojin ruwan Amurka da ake kira SEAL. A 2012, a lardin Helmand na Afganistan, wani bam da aka dasa ya tashi da shi. Idon dama ya tafi, na hagu ya samu mummunan rauni, sai da aka yi ta masa aiki kafin ya dawo gani. Duk da haka ya koma bakin aiki, aka sake tura shi ƙasashen waje, bai ajiye kaki ba sai 2016. A 2018 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai daga jihar Teksas a jam'iyyar Republican. Shi ne wanda kuke gani da baƙin ƙyalle a ido ɗaya.

3/ Ra'ayinsa ba ɓoyayye ba ne. Gwamnati ta taƙaita hannunta, mutum ya ɗauki nauyin kansa, ya daina kallon kansa a matsayin wanda aka zalunta a kowane lamari, ya rage saurin harzuƙa. Ya ma nuna hakan a aikace. A Nuwamban 2018 wani ɗan barkwanci ya yi ba'a da idonsa a talabijin, mutane suka yi caa. Da mako ya zagayo sai ga Crenshaw a cikin shirin, aka ba shi haƙuri, ya karɓa, suka yi raha tare.

4/ To ga matsalar. Littafin da ya fitar a 2020 sunansa Fortitude, kuma a ci gaban sunan ga resilience zaune. Kalmomi biyu ya jera da gangan. In muka ba ta farkon "juriya", wadda ta dace da ita sarai, me za mu ba ta biyun?

5/ Juriya abu ne da ake yi lokacin da wahala ke kan mutum. Ana jure zafi, ana jure yunwa, ana jure ciwon haƙori har gari ya waye. Kalmar ba ta ce komai game da abin da ya biyo baya. Mutum zai iya jurewa shekara goma ya fito a karye. Dauriya da jimiri duk gidansu ɗaya da ita. Ita kuwa resilience tana magana ne kan wanda aka kayar, ya kai ƙasa, sannan ya miƙe ya koma kan abin da yake yi.

6/ Wani ya ce mini a sa "haƙuri". Wannan ita na fi tsoro. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a Mayun 2023, babu abin da talaka ya fi ji daga bakin shugabanni kamar "a ƙara haƙuri". In ka fassara Crenshaw da wannan kalma, mai karatu a Gusau zai ɗauka mutumin cewa yake a zauna a rungume hannu. Alhali abin da yake faɗa ya saɓa da haka: tashi ka yi wa kanka. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, bai kamata fassara ta sa masa magana a baki ba.

7/ Jajircewa tsayawa ce kan abu ba ja da baya, babu faɗuwa a cikinta. Faɗi-tashi ta ba ni sha'awa, amma neman abinci ya riga ya mallake ta. Murmurewa ta majinyaci ce.

8/ Abin da nake kawowa shi ne "ƙarfin farfaɗowa". Mun riga mun saba da farfaɗowar tattalin arziki, farfaɗowar kasuwa, farfaɗowar wanda ya suma. Duk inda kalmar ta fito, an san an faɗi tukuna. "Ƙarfi" kuma ya mai da ita hali da mutum ko al'umma ke da shi tun kafin bugun ya zo.

9/ Akwai dalili na biyu, kuma shi ya fi mini nauyi. Wanda ya suma a kasuwa ba kasafai yake farfaɗowa shi kaɗai ba. Wani ya tallafe kansa, wani ya yayyafa masa ruwa, wani yana fifita. A nan ne na rabu da Crenshaw. Ina girmama abin da ya yi, ba ƙaramin namiji ke komawa aikin soja da ido ɗaya ba. Amma jirgin gwamnati ne ya ɗauke shi daga filin daga, likitocin soja suka ceto idon da ya rage, da kuɗin jama'a aka biya. Ko a 2021, da tantanin bayan idon hagun ya ɓalle, sai da aka sake masa aikin gaggawa, ya yi kwanaki yana kwance rub da ciki, ya ɗauki makonni kusan ba ya gani. Nasa ƙoƙarin gaskiya ne, hannun da ya tallafe shi ma gaskiya ne. "Farfaɗowa" ta bar wa dukansu wuri, "juriya" kuwa ta ɗora komai a kan mutum ɗaya.

10/ Na gwada ta a jimla. "Crenshaw na ganin aikin soja na koya wa matashi ƙarfin farfaɗowa." "Manoman da ambaliya ta cinye wa gonaki sun nuna ƙarfin farfaɗowa." "Gari ne mai ƙarfin farfaɗowa." Duk sun zauna a kunnena. Na san ta yi tsawo ga kanun labari, kuma ma'aikatan ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da suka saba da "juriya" ba za su sake ta cikin sauƙi ba. Wanda yake da kalma guda da ta ɗauki faɗuwa da tashi tare, don Allah ya kawo, musamman 'yan uwanmu na Sakkwato da Damagaram, don sau da yawa akan samu a bakinsu abin da Hausar Kano ta yar.